Farkon Ganinmu da Wasan Daren Sha Biyu

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Tun muna ƙananan makarantu mu ke jin sunan Wiliyam Shekisfiya, mashahurin marubucin nan na Ingila, a bakin malamai da manyan ɗalibai, amma ba mu taɓa gamuwa da shi ido da ido ba sai ƙarshen zangon karatun da ya wuce. Ana sauran kwana biyu a tashi hutu, malaminmu na Turanci ya shigo aji da waɗansu 'yan takardu, ya miƙa wa kowa guda. Ya ce, "Wannan ita ce fitowa ta farko ta wani wasan ban dariya. Ku tafi da ita gida. Kada wanda ya nemi sauran wasan, kada kuma wanda ya bincika abin da masana suka faɗa a kansa. In kun komo, kowa ya gaya mini abin da ya gani da idonsa." To, ga abin da muka gani. Mun ga ya kyautu mu sa shi cikin mujallar nan domin 'yan'uwanmu da za a ba irin wannan aiki baɗi, kuma domin neman afuwar Malam, gama akwai dokarsa guda da muka karya, za ku kuwa ji dalili.

Mu uku ne muka haɗu muka rubuta wannan, kakanmu ɗaya, gidanmu ɗaya a ƙasar Kano. Wanda bai san wajenmu ba, ƙasa ce wadda gona ke manne da gona, ba daji, ba saura. Gonar da kaka ya noma ita jika ke nomawa kowace shekara, ba ta hutawa, sai dai a ciyar da ita da taki. Ko kara ba a bari a banza, harawa kuwa a kan bishiya a ke ajiye ta saboda dabbobi. Mutumin da ya tashi a irin wannan wuri ba ya raina aiki, ba ya kuwa ganin girman mai zaman banza, ko ɗan wane ne. Ku riƙe wannan, za a neme shi gaba.

Abin da Malam ya yarda ya gaya mana game da asalin wasan kaɗan ne. An haifi Shekisfiya cikin 1564, ya rasu cikin 1616, wannan wasa kuwa ya rubuta shi wajen 1601. Wani ɗalibin aikin lauya, wai shi Jon Maningam, ya rubuta cikin littafinsa na ajiye labarai cewa ya ga an yi shi a zauren makarantarsu ta lauyoyi a Landan ran 2 ga Fabrairu 1602. Ba a buga shi ba sai 1623, shekara bakwai bayan rasuwar mai shi. Sunansa ya samo asali daga dare na goma sha biyu bayan Kirsimeti, watau daren da Nasaran wancan zamani su ke rufe shagalin sallarsu da ci da sha da wasanni. Marigayi Malam Ibrahim Yaro Yahaya, mutumin Kano, ya juya shi zuwa Hausa, aka buga a Zariya cikin 1971 da sunan Daren Sha Biyu, shi ne kuwa sunan da mu ke kiransa da shi a nan.

Fitowar da aka ba mu gajera ce ƙwarai, layinta kamar arba'in ne. Wani basarake ne, sunansa Orsino, mai mulkin wata ƙasa wai ita Iliriya, ya fito da fadawansa da makaɗansa. Son wata mace mai daraja, Olibiya, ya kama shi. Ya sa a yi ta ɗura masa kiɗa har ya gundure shi, ko son ya ƙoshi ya mutu. Wani ɗan amo ya yi masa daɗi, ya ce a maimaita. Ana maimaitawa ya ce a bari haka nan, daɗin ya tafi. Wani bafade ya tambaye shi ko za shi farauta, shi kuwa ya juya maganar, ya mai da kansa shi ne naman da a ke farauta, sha'awarsa ita ce karnukan da ke binsa. Ana cikin haka sai ga ɗan aiken da ya tura gidan Olibiya ya komo. Ba a ko bar shi ya shiga ba, kuyanga ce ta ba shi amsa: wan Olibiya ya rasu, ta yi alkawarin shekara bakwai ba mai ganin fuskarta, za ta zauna cikin lulluɓi, kullum ta kewaya ɗakinta tana zub da hawaye mai gishiri, domin ƙaunar wan nata ta zauna ɗanya cikin zuciyarta. Da basarake ya ji haka, maimakon jikinsa ya yi sanyi, sai murna ta kama shi. A ganinsa, wadda ta so wanta haka, ina ga ranar da ta so miji? Ya tashi ya tafi ya kwanta cikin furanni. Shi ke nan, fitowa ta ƙare.

Mun karanta ta cikin mota a hanyar gida, mun sake karantawa da muka sauka, ko murmushi ba wanda ya yi. Muka dubi juna muka ce, ina abin dariyar? Mu dai abin da muka sani, wasan ban dariya ba ya ɓoye kansa. In azumi ya kwana goma yara suka fito tashe, tun daga zaure, da ganin gemun auduga da tsumman da suka sha, dariya ta riga ta kama mutanen gida. In ɗan kama ya zauna ya gyara murya kamar shehin malami za shi buɗe karatu, sa'an nan ya ɓuge da lissafin tuwo da miya da nama, kafin ya kai baki biyu an fara riƙe ciki. Wannan kuwa an ce mana na dariya ne, ga shi ya fara da mai ciwon so, ya ƙare da gidan makoki. Wasan kalmar da ke ciki ma bai taɓa mu ba. A bakin Bature, sunan wani irin namijin barewa na ƙasarsu da sunan zuciya amonsu ɗaya ne, kamar yadda kukar miya da kukan ido su ke kusa a bakinmu. Amma dariyar da sai an buɗe ƙamus kafin a same ta, kafin a kai gare ta ta huce.

Babbanmu ya ce lalle Turancinmu ne bai nuna ba. Na tsakiya ya ce a'a, dariyar Turawa ce dabam da tamu. Ƙaraminmu kuwa, kunya ba ta hana mu faɗa ba, basaraken ne ya burge shi. Ya ce bai taɓa jin wanda ya iya siffanta so kamar wannan ba, har ya hardace jawabinsa na fari. A kan haka muka tsaya: magana ce mai daɗi, mai zurfi, ba ta da ban dariya. Da haka za mu rubuta wa Malam, in ba don abin da ya faru a gida ba.

A nan wajibi ne mu faɗi abin da ba mu so faɗa ba. Cikin Agustan da ya wuce, tsakiyar marka, Allah ya karɓi ran yayanmu, ɗan farin Baffa mai gidanmu, bayan zazzaɓin kwana biyar. Shi ne ya bar karatu ya riƙe gona domin mu mu ci gaba, kuɗin gyaɗarsa ne kuɗin motarmu da na littattafanmu. Mun zo an yi sadakar uku da mu, muka koma makaranta. Inna, mahaifiyarsa, ko da yana da rai ba ta ambatar sunansa saboda kunyar ɗan fari, da ya rasu ma ba wanda ya ga hawayenta a fili. Sai ƙanwarsa shaƙiƙiya, yarinya 'yar shekara goma sha shida, ta ɗauki kukan gidan duka a kanta. Ta daina zuwa Islamiyya, ta daina fita wurin ƙawayenta, ta shige ɗakin Inna. Da muka komo hutu, wata huɗu ke nan, gaisuwa kaɗai ke haɗa ta da mutane.

Wata rana da dare, bayan an yi lisha an ci tuwo, ga sanyin hunturu ya fara, aka hura wuta da kara a tsakar gida. Yara suka matsa mana sai mun gwada musu abin da mu ke koyo a makaranta. Muka ce bari mu juya musu takardar Malam da Hausa, mu kwaikwaya. Ƙaraminmu ya kishingiɗa bisa tabarma, ya tada kai da buhun wake, ya zama basarake. Wani yaron maƙwabta ya kawo sarewarsa ta kara, ya zama makaɗi. Na tsakiya ya zama bafade, babbanmu ɗan aike. Iya, kakarmu, tana gefen wuta. Baffa yana daga bakin turakarsa da carbi. Wallahi ko a ranmu ba mu kawo abin da ke ƙarshen takardar ba, hankalinmu duka yana wurin neman kalmomi.

Basarake ya lumshe ido ya ce a busa. Yaro ya busa. Ya ce a maimaita wurin nan mai daɗi. Yaro ya cika kumatu ya maimaita da iyakar ƙarfinsa. Sai basarake ya ɗaga hannu, ya yamutsa fuska, ya ce ya isa, ba daɗi. Yaron nan bai san haka wasan ya ke ba, ya sauke sarewa, ya dube shi da haushi na gaske, ya ce, "To, Yaya, ba kai ka ce in sake ba?" Nan take tsakar gida ta ɗauki dariya. Mu da muka yi kwanaki muna neman abin dariya cikin takarda, ashe ba cikin bakin basarake ya ke ba, yana fuskar makaɗin da aka katse, marubucin kuwa bai ba makaɗin ko kalma guda ba.

Iya ta ce, "Kai, mazajen nan nawa, wannan wane irin sarki ne kuka kawo mana? Ba fadanci, ba shari'a, ba kewaya ƙasa, farautar ma ya kasa? Ai wannan ciwon ƙoshi ke damunsa. A ba shi fartanya a nuna masa gonar gero, kafin azahar ya warke."

Sa'an nan ɗan aike ya shigo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya fara ba da saƙo. Sai da kalmar nan ta fita daga bakinsa, cewa wan yarinyar ya rasu ta shige ɗaki, sa'an nan ya ji abin da ya faɗa. Magana zarar bunu ce. Ya rasa yadda zai tsaya, ya ƙarasa da murya ƙasa ƙasa, har zancen shekara bakwai da hawaye mai gishiri. Ƙaraminmu shi ma ya rasa abin yi, sai ya faɗi jawabin murnar basarake kamar yadda ya ke, ya ce a kai shi cikin furanni. Tsakar gida ta yi tsit, ba ka jin kome sai ƙarar kara cikin wuta. Muka sunkuyar da kai, muna jiran faɗan Baffa.

Sai muka ji murya daga ƙofar ɗakin Inna. "Yaya, ya aika gaisuwa?"

Ba mu gane ba. Ta ce, "Sarkin. Na ce ya aika a yi mata gaisuwar mutuwa?"

Muka haska takarda, muka bi ta layi layi. Babu. Mutum ya ji an yi rasuwa a gidan wadda ya ke cewa ya fi so duk duniya, bai ce Allah ya ji ƙansa ba, bai ce Allah ya ba ta haƙuri ba, bai tambayi ko ta ci abinci ba. Lissafin ribar da zai samu daga baƙin cikinta kaɗai ya yi. Muka ce mata, "Bai aika ba."

Ta ce, "To, shi ya sa ta ce bakwai. In ni ce, goma zan ce."

Iya ce ta fara fashewa da dariya, har tana share ido da gefen zane. Sauran mata suka ɗauka. Inna ta juya fuskarta wajen bango, amma mun ga kafaɗunta suna motsi. Baffa ma ya yi murmushi. Da aka natsa, ya ce, kamar mai magana da wuta, "Ita wannan ba shari'armu ta ke bi ba. Mu a wurinmu mace ba ta zaman makoki fiye da kwana uku, sai fa na miji, shi ne takaba, wata huɗu da kwana goma. Abin da ya wuce haka addu'a ce, ita mamaci ke bukata." Bai ambaci kowa ba, kowa kuwa ya san da wa ya ke.

Iya ta ce, "Ku bar yarinyar mutane. Ba ku ji abin da ɗan aike ya ce ba? Nama a ke sa wa gishiri a yi banda don kada ya lalace. Tsoro ta ke ji kada ta manta da shi, shi ya sa ta ke masa banda da hawaye. Da akwai tsohuwa a gidansu, da ta gaya mata ba a mantawa. Nawa wan ya fi shekara hamsin a ƙasa, har yau in na ga an ɗaura wa jaki mangala sai na tuna tafiyarsa."

Daren nan ba mu yi barci da wuri ba. Tsohuwar da ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba ta buɗe mana ma'anar gishirin da muka bi ta kansa sau goma ba mu gani ba. Yarinyar da ke ɗaki ta nuna mana inda abin dariyar ya ke, watau ratar da ke tsakanin daɗin bakin mutum da abin da ya aikata. Abin da ya fi wannan nauyi, mun gane kanmu. Da muka koma makaranta bayan sadakar uku, mun sha zama da dare muna ba abokai labarin rashin da muka yi, muna jin daɗin tausayin da su ke mana. Ɗayanmu har waƙar makoki ya tsara, aka yaba. Amma ba wanda ya tambaya wa zai cire gyaɗar Yaya, sai Baffa ne ya cire ta da 'yan ƙwadago. Ba kuwa wanda ya aiko wa ƙanwarmu ko kalma guda cikin wata huɗu. Ashe basaraken Iliriya da muka ɗauko daga makaranta, mu uku ne.

Da safe ta aiko yaro ya tambaye mu ko Olibiya ta cika shekara bakwai ɗin. A nan ne muka karya dokar Malam. Babbanmu ya nemo sauran wasan ta wayarsa. Kashi biyar ne, muka yi dare biyar muna juya musu shi, kowane dare kashi guda, da rana kuwa muna gona tare da Baffa, muna ɗaure kara muna kwasowa. Daren farko tana bakin ƙofa, daren na uku tana kusa da Iya.

Muka tarar fitowa ta biyu ma da rashi ta fara. Wata yarinya, Bayola, jirgin ruwa ya fashe da ita, ta tsira, tana zaton ɗan'uwanta da aka haife su tagwaye ya nutse. Ita ba ta shiga ɗaki ba, ta yi shigar maza ta nemi aiki a fadar Orsino. Olibiya kuwa, tun kafin kashi na ɗaya ya ƙare ta yaye lulluɓi a gaban wannan baƙon ɗan aike. Kafin haka wawan gidanta ya tsare ta da tambaya, ya ja ta har ta faɗa da bakinta cewa wanta yana Aljanna, sa'an nan ya nuna mata rashin kan gadon yi wa ɗan Aljanna kuka. Mun ji tsoron wannan wuri, amma ƙanwarmu cewa ta yi wawan ya fi sarkin ladabi, gama shi ya zo da ƙafarsa, ya kuma yi zancen mamacin. A ƙarshe ɗan'uwan Bayola ya bayyana da ransa, ya auri Olibiya, Orsino kuwa nan take ya juya ga Bayola. Iya ta ce, "Ban gaya muku ba? Wannan ba yarinyar ya ke so ba, son ya ke so."

Baffa ya yaba wa Bayola, ya ce ita ce mai hankali, da ta tashi ta kama aiki. Ƙanwarmu ta yi shiru, can ta ce, "Baba, ai nata ya dawo. Na Olibiya bai dawo ba." Ba wanda ya amsa. Daga baya muka sami labarin cewa Shekisfiya kansa uban tagwaye ne, mace da namiji, an haife su cikin 1585. Namijin, Hamnet, ya rasu cikin 1596 yana da shekara goma sha ɗaya, macen ta rayu. Bayan kamar shekara biyar uban ya rubuta wasan da teku ta komo wa 'yar tagwaye da ɗan'uwanta. Da muka gaya mata haka, ta ce, "Allah Sarki. To, shi ya sani."

Ba za mu ce muku wasa ya warkar da ita ba, haƙuri na Allah ne, shi ke ba da shi sa'ad da ya so. Abin da muka gani dai, ranar da za mu komo ta rako mu har zaure, ta ce in an ba mu wata takardar mu kawo.

To, 'yan'uwa masu shirin zama malamai, ga ɗan abin da muka tsinta. Na fari, wasan kwaikwayo ba a gama saninsa a takarda, kamar yadda ba a sanin daɗin fura a dami. Magabatanmu sun san haka. Malam Aminu Kano, tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna tsakanin 1937 da 1942, ya riƙa shirya wasannin da ke yi wa macuta da azzalumai ba'a, domin ya san abin da mutum ya gani ya yi wa dariya ya fi zama a ransa bisa ga abin da aka yi masa wa'azi. Na biyu, in kun kai wa yara littafin wata ƙasa, kada ku fara da tsoratar da su da girman mai shi. Ku bar su su auna mutanen ciki da mudun gidansu, su tambaya ko wane ya yi gaisuwa, ko wane ya taɓa noma. Sau da yawa mudun nan ya kan fi ƙamus gaskiya. Na uku, in kun ga an sa wani a gaba ana masa dariya, ku duba da kyau kafin ku buɗe baki, kada ya zama rigarku ce a jikinsa.

Malam ya ce kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Gaskiya ita ce da namu idon ba mu ga kome ba, sai da aka ara mana na tsohuwa da na yarinya. Allah ya ji ƙan Yayanmu da dukan Musulmin da suka riga mu, ya ba na baya haƙuri, ya sa mu zama malamai masu amfanar jama'a, amin.